Saura Talatin da Bakwai

Tsaskiya, ranar Talata

Zuwa ga ɗiyata Mahfuza, shagon kwamfuta na bakin tasha, Batsari.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mahaifiyarki Maijidda, da fatan ciwon ƙafar nan ya sake ta. Yaya gida, yaya aiki, yaya zaman nan da muke ciki? Mu nan alhamdu lillahi. Gero ya nuna, mun fara yankan na kusa da gida, na nesa kuwa mun bar wa Allah. Goggonki Ramlat ta yi zazzaɓi amma ta miƙe, har ta koma yi mini faɗa, kin ga lafiya ta samu ke nan.

Na san za ki ce wane Baffa ne kuma wannan. Ki tambayi Maijidda Hashimu na Tsaskiya. Kakanki na wajen uba da mahaifina 'yan maza zar ne. Rabona da ke tun sunan ƙanenki, kina yawo da majina a hanci. Da layin waya na nan da kira zan yi, to an yanke mana shi, ga ni ina takarda kamar zamanin En'e. Mubarak direba zai kawo miki, shi kuma zai karɓo amsa.

Ga abin da ke tafe da ni. Ciwon huhu ya shiga shanu wajen garin Zakka, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ni ne sakataren ƙungiyar masu shanu a nan, ba don na fi kowa ba, don ni na yi firamare har na gama. Na je Safana na samu malamin dabbobi, Malam Jamaluddeen, ya yarda zai zo da allurar rigakafi. Amma da sharaɗi. Kowace kwalba ta shanu ɗari ce cif, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta ba ta jiran kowa, ɗan jim kaɗan ta lalace. Ya ce ba zai buɗe kwalba ba sai ya ga ɗari tsaye a gabansa. In raba mashi shanun gari ɗari-ɗari, a rubuce, ban da maruƙa.

To kin san mutanenmu. Ba a tsare makiyayi a ce shanunka nawa. Ko ɗan'uwanka ne sai ya ce 'yan kaɗan ne, Allah ya sa albarka, ya juya zance kan ruwan sama. Abin da ya cece ni, bara an sa wa shanun 'yan kunnen roba masu lamba, kuma ni na riƙe littafin. Kowane gida na rubuta daga lamba kaza zuwa lamba kaza. Sai dai lambobin ba a jere suke ba, don ƙunshi-ƙunshi aka riƙa kawo su, wasu suka tafi wasu ƙauyuka. Layi hamsin da takwas ne. Na zauna na ɗebe ƙaramar lamba daga babba a kowane layi, na tara, na samu ɗari takwas da saba'in da tara. Na ce wa Malam kwalba tara ta ishe mu har da rara, ya rubuta tara ya aika Katsina.

Rabawar ce ta gagare ni. Na gwada da ƙwayar masara a kan tabarma, na shiga alwala, kafin in fito kajin Ramlat sun cinye rukuni na huɗu. An ce ke kin iya sa injin ya yi irin wannan kafin a ce kwabo. Ga kwafin littafin nan ciki. Don Allah ki hanzarta, ciwon nan ba ya sallama.

Baffanki,
Hashimu

Batsari, ranar Asabar

Baffa,

Wa alaikumus salam. Ina kwana, ina gajiya, yaya Goggo Ramlat da ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Inna tana gaishe ku. Ƙafar da sauƙi, amma ba ta iya tsugunno. Ta ce ta gane ka sarai, wai kai ne ka zo bikin Yaya Jamilu ka ƙi sa hannu a akushi sai kowa ya gama, aka waiwaya tuwo ya ƙare. Majina kuma, Baffa, na daina tuni.

Aikinka na yi shi. Da na gama tun shekaranjiya, to man janareta sai da rabo, ana kunnawa ne in mai shago ya ga dama. Na zuba lambobin a Eksel, wato shafin lissafi na kwamfuta mai layi-layi, sannan na rubuta mata makro. Makro ɗan umarni ne da ake rubuta wa kwamfuta sau ɗaya ta yi ta maimaitawa ba gajiya. Na ce mata ta fara daga layin sama tana ɗiba tana tarawa. In ta cika ɗari ta rufe rukuni ta buɗe sabo. In ɗarin ta cika a tsakiyar layin wani, ta yanka nan, ragowar ta fara rukuni na gaba. Kamar awon gero ne, in kwano ya cika a juye, ba ruwan mai awo da buhun da aka ɗebo. Sau uku tana ƙi mini, ga ba layi balle in bincika, sai da na tono littafina na makaranta. Yanzu dai ta yi, rukuni tara, kowane ɗari cif. Na buga maka, suna nan ciki.

Amma Baffa akwai magana, kuma kar ka ji haushi. Lissafinka bai kai ba. Daga lamba ɗaya zuwa lamba uku shanu nawa ne? In ka ɗebe za ka ce biyu, alhali uku ne tsaye. A kowane layi ka yar da saniya ɗaya. Dubi na Malam Sule, ka rubuta talatin da bakwai, talatin da takwas ne. Layi hamsin da takwas, shanu hamsin da takwas suka ɓace maka. Jimla ɗari tara ne da talatin da bakwai. Kwalba tara ba ta isa ba.

Ka duba shafin ƙarshe, inda na rubuta SAURA. Layin da ke can ƙasa shanu arba'in da biyu ne. Biyar sun samu shiga rukuni na tara, talatin da bakwai sun tsaya waje. Kuma wannan layin kaɗai ne ba ka sa wa suna ba. Na wane ne? Ko mantuwa ka yi? Ya kamata mai su ya sani tun yanzu ya san inda dare ya yi masa.

Ka gaida Goggo, ka ce ta ɗaure kajinta.

Ɗiyarka,
Mahfuza

Tsaskiya, ranar Alhamis

Mahfuza ɗiyata,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya ke da Maijidda. A ce mata ta riƙa gasa ƙafar da ruwan ɗumi. Mu lafiya, sai dai kaina da ke juyawa tun da takardarki ta zo.

Batun ɗaya zuwa uku, na gwada da yatsuna na samu uku, na gwada da alƙalami na samu biyu. Na rasa wanda zan gaskata, yatsuna ko alƙalamina. Na kira Ramlat ta tsaya da awaki uku na ƙirga, ta ce in ba ni da aikin yi in je in ɗebo mata ruwa. Na dai yarda da ke, don ba ni da yadda zan yi. Na hau keke na je Safana na ce wa Malam Jamaluddeen a ƙara kwalba ɗaya. Ya ce tara ka ce, tara aka ba ni, ko ta goma ta faɗo daga sama ba zan fasa ta kan talatin da bakwai ba, alhali wasu garuruwa na jira. Ya sa mana safiya biyu, rukuni biyar ranar farko, huɗu washegari.

Yanzu ga inda makron naki ya haɗa ni da jama'a. Na karanta musu takarda bayan la'asar. Ashe ɗari ta biyar ta cika ne a tsakiyar garken Sule, ashirin da ɗaya ranar farko, sha bakwai washegari. Sule ya miƙe ya ce, "Sakatare, wa zai gaya wa sha bakwai ɗin su zauna gida? Kai ko injin? Uwar garke in ta fita, ko kaho ya karye sai sun bi ta." Na ce ai lamba aka bi. Ya ce to lambar ta zo ta yi kiwo. Jafaru kuma nashi an yanka mashi su biyu, ya ce shi bai gane ba, shanun nashi ne har yanzu ko rabi sun zama na wanda aka haɗa shi da shi? Na yi bayani har bakina ya bushe, ni kaina da na gama ban gane abin da na ce ba.

Don haka ki koma ki gaya wa injin nan garke ba gero ba ne. Ya bar kowane gida a dunƙule, kar ya yanka na kowa. In zai yiwu kuma ya matsa su su shiga kwalba tara, tunda shi mai dabara ne.

Layin da ba suna ki bar shi yadda yake. Ba mantuwa ba ce, kuma mai shi ya sani.

Baffanki,
Hashimu

Batsari, ranar Litinin

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya, don shirun ya yi yawa. Tun da na aika maka rukunan ban ji ko uffan ba. Mubarak ma ban sa shi a ido ba, an ce motarsa tana wajen bakanike a Safana. Inna lafiya, amma hankalinta yana wajenku, kullum sai ta ce ko an ji wani abu daga Tsaskiya.

Na nuna mata layin nan marar suna. Ko kallon kirki ba ta yi ba ta ce, "Na Hashimu ne. Shi ya riƙe abin sa lambar, to na wa zai sa wa a ƙarshe in ba nasa ba? Kuma kunya ba za ta bar shi ya rubuta sunansa kusa da yawan shanunsa ba." Haba Baffa! Wannan fulako har ina? Ka sha wahalar zuwa Safana, ka sha ta masara da kaji, sannan naka su tsaya waje suna kallo? Inna ta ce ciwon nan ne ya share garken Kaka a damina ɗaya, shi ya sa muke zaune a gari muna sayen nono da kwano.

Don haka na juya makron. Na ce ta fara daga ƙasa ta yi sama. Yanzu naka duka sun shiga rukuni na farko, saurar ta koma kan layin sama. Mai wannan layin shi ya fara samun lamba bara, to bana ya yi haƙuri, kowa da ranarsa. Ka yaga ta farko ka yi aiki da wannan, ba sai ka gaya wa kowa ba.

Zan ba wani direba da ke bi ta wajenku, tunda ba Mubarak.

Ɗiyarka,
Mahfuza

Tsaskiya, ranar Juma'a

Mahfuza,

Sallama. Muna lafiya, ina fata kuna lafiya. Gaisuwar ke nan yau, don raina a ɓace yake.

Inna lillahi! Yarinya, me na yi miki? Na ce ki bar garke a dunƙule, na ce ki bar layin ƙasa yadda yake, sai ki aiko mini da abin da ban tambaya ba? Ko takardata ba ta zo ba ne? In ta zo kin karanta kika yi haka, to ban san irin karatun da ake koya muku ba. In ba ta zo ba, to amsar me kike ba ni? Na zauna na jera takardunki biyu na rasa wacce ke amsa wacce.

Kuma me ya kai ki rubuta "Ƙungiyar Masu Shanu, Tsaskiya" a bayan ambulan? Direban bai san ni ba. Ya tsaya ƙofar masallaci ya ce ina 'yan ƙungiya, Jafaru ya ce ga mu, ya karɓa. Ina gona. Kafin in dawo an buɗe, an ba malamin makaranta ya karanta a bainar jama'a, tun daga assalamu alaikum har "ba sai ka gaya wa kowa ba". Har zancen kaji da fulakona yau ba wanda bai sani ba a Tsaskiya.

Kin san layin sama na wane ne? Ai da suna a jiki, ba ki duba ba? Zuwairatu ce, matar marigayi Ardo, da marayu a gabanta. Ni da hannuna na sa ta farko bara don kar maza su ture ta. Yau ana cewa sakatare ya haɗa baki da ɗiyarsa ta birni sun murɗa kwamfuta, an fitar da marayu an shigar da nashi. Na je gidanta in yi bayani, ta ce daga bayan zana, "Ba komai Malam Hashimu, Allah na nan." Wallahi da mari ta yi mini ya fi sauƙi.

Yanzu takarda biyu ke yawo a gari. A ta farko Jafaru rukuni na uku, a ta biyu na bakwai, kuma nan ma an yanka shi, amma a wani wuri daban. Jiya mutum uku suka tare ni a hanya kowa na tambaya ran wace zai kawo shanu. Na ce wa ɗaya ranar farko, ashe da ta biyun na duba mashi. Garin neman gira mun rasa ido.

Tunda kin tona, to nawa ne, na ji. Kuma kar ki zaci ban damu ba. Jar saniyar Ramlat tana cikin talatin da bakwai ɗin, ita ke riƙe da gidan nan da nono. Biyar ɗin da injinki ya zaɓa mini kuwa, tsohon bijimin noma ne da wasu huɗu da ko ɓarawo sai ya yi tunani. Shekaranjiya an yanka saniya mai tari a rugar da muke shan ruwa rafi ɗaya. Ramlat kuwa kullum da safe sai ta je ta kara kunne a haƙarƙarin jar nan. Ina jin tsoro, Mahfuza, na faɗa miki. Amma ban iya cin tuwo da rabon marayu.

Baffanki duk da haka,
Hashimu

Batsari, ranar Laraba

Baffa,

Assalamu alaikum, ina wuni. Allah ya huci zuciyarka. Inna tana gaisuwa, ta kuma wanke ni tas, har da cewa ita ta ja da ta buɗe baki.

Yau Mubarak ya zo da takardunka biyu a haɗe. Ta farko tana aljihun motarsa tun ran da ta lalace. Ni kuma na fara buɗe ta biyu, na ga ana ta yi mini faɗa kan maganar da ban taɓa ji ba, na ce ko Baffa ya rikice ne, wace dunƙule? Sai da na karanta ɗayar na gane. Ka ga ba ƙin ji na yi ba.

Sunan Zuwairatu na gan shi, ba zan yi ƙarya ba. Amma ni suna kawai na gani da lamba, ban san takaba ba, ban san marayu ba. Na yi kuskure, ka yafe mini, ka kuma roƙa mini ita. Amma Baffa ni ma raina ya sosu. Da ka rubuta sunanka tun farko kamar kowa, da ban tsaya ina duba ba kamar mai bugun ƙasa.

Na gwada abin da ka ce. Na sake rubuta makron na hana ta yanka garken kowa. Ta yi, amma sai rukunan suka ƙi cika, wannan tamanin da shida, wancan casa'in da ɗaya, don in garke na gaba ya fi gurbin da ya rage dole ta rufe. Da haka kwalba sha ɗaya ake nema, ba tara ba. Na jujjuya ta ta kowace fuska, na sa manya gaba, na sa ƙanana gaba, har mai shago ya ce in tausaya wa mansa. Ba dabarar da za ta mai da ɗari tara da talatin da bakwai ta zama ɗari tara. Ko ta ina aka fara, sai wasu sun tsaya waje. Abin da kwamfuta ke iya canzawa kawai shi ne na wa.

Ga shawara ta uku, na buga ta. A cire saniya ɗaya-ɗaya daga manyan garkuna talatin da bakwai, naka ciki, kowa ya ɗan ji a jikinsa. In ba ta yi ba, ni kam dabarata ta ƙare. A wannan karon sunanka na rubuta a ambulan, da manyan baƙaƙe.

Ɗiyarka,
Mahfuza

Tsaskiya, ranar Lahadi

Ɗiyata Mahfuza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Maijidda, Allah ya ƙara mata lafiya. A ce mata ba laifinta, ba naki. Na huce tuni, dama faɗan tsoho ba ya kwana biyu. Ramlat lafiya lau, ta ce a gaishe ki da aiki.

Takardarki ta uku ta iso ana gobe allura. Na karanta, na ga da hankali a ciki, na ɗaga tabarma na sa ta ƙarƙashi. In na fito da takarda ta uku a garin nan, ni za a yi wa allurar. Na bi gida-gida na ce ta farko ita ce, nawa su ne saura, magana ta ƙare.

Ranar farko Malam Jamaluddeen ya zo da akwatin ƙanƙara, muka kafa shinge a filin makaranta. Na tsaya da takarda ina kiran rukuni na ɗaya. Suka taru, Malam ya ƙirga, ya ce sakatare waɗannan ba su kai ɗari ba. Na ce a sake ƙirgawa. Aka sake, tamanin ma da ƙyar. Na ce a raina shi ke nan, yarinyar nan ta sake kwafsawa, ko kuwa ni na ɗauko takarda ta biyu. Na duba, ta farko ce. Malam ya ce a jawo daga rukuni na biyu a cika. Aka jawo, na biyu ya rage, aka jawo daga na uku. Kafin hantsi duk tsarin makronki ya wargaje, ina kiran lamba ba wanda ke saurare na, shanu na kuka, Jafaru na tambayata shi yanzu rukuni na nawa ne. Sule kuwa da taurin kai ya zo da garkensa duka, kuma da su aka cika kwalba ta huɗu. Ta biyar ko taɓa ta ba a yi ba. Malam ya rufe akwati ya ce, "Sakatare, gobe ka zo da naka."

Ba zan ɓoye miki ba, da gudu-gudu na koma gida kamar yaro. Ramlat ta rangaɗa guɗa. Na ce ashe alƙalamina ne mai gaskiya, kwamfuta ta yi ƙarya, har na shirya irin tsiyar da zan yi miki a takarda.

Washegari na zo da nawa na tsayar da su gefe. Na ci gaba da kira. Da na iso rukuni na bakwai na kira Armaya'u, wani dattijo ne daga rugar yamma, can bakin daji. Layinsa sittin da huɗu. Na ɗaga kai na ga shanu tara. Na sake duba takarda, na zaci na tsallake layi. Sai bakina ya riga hankalina na ce, "Baffa Armaya'u, sauran suna tafe?"

Ya dube ni ya ce, "Suna tafe, in Allah ya so."

Nan na gane, Mahfuza, kuma da ƙasa za ta tsage da na shige. Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, lambobin bara ta ƙirga. Na san an shiga rugarsa da bazara an kora shanu, har jaje na je, ya ce mini 'yan kaɗan ne. Haka Jafaru ya ce da aka shiga tasu, haka kowa ya ce. Wa zai tsare mutum a ranar jaje ya ce nawa suka rage? Kowa ya san tashi asarar, ba wanda ya san ta gari, sai da muka tsaya fili ɗaya ana kiran lamba ba mai amsawa. Wasu an sayar, wasu an yanka, amma mafi yawa kin san inda suke.

Malam ya ce a shigo da na sakatare a cika kwalba. Ni na riƙe jar saniyar Ramlat da hannuna aka yi mata. Duka arba'in da biyun sun samu. Abin da na yi ta roƙon Allah ke nan, ya kuma ba ni, amma ban ji daɗinsa ba ko kaɗan, don na san ruwan da ya shiga jikinta rabon wata saniyar Armaya'u ne. Shi kuma an gama da tara ɗinsa bai tafi ba, ya dogara sanda a bakin shinge har aka tashi. Mun yi ta cin naman juna kan talatin da bakwai, ga kwalba biyu sun koma Safana ba a buɗe ba. Zancen takarda ta biyu kuwa ba wanda ya ƙara ɗaga shi.

Da za a watse Malam ya ce mini in sa a gyara lissafin, a goge duk lambar da ba ta zo ba, don baɗi kar a sake wannan ruɗani. Gaskiyarsa ce, na ce to. Ina naɗe takarda sai ga Armaya'u a kafaɗata. Ya ce, "Sakatare, ka gaya wa yarinyar nan mai injin kar ta taɓa layina. In ta goge lamba, saniya ta dawo, ina za ta shiga?" Na waiwaya na ga Jafaru da wasu tsaye bayansa, ba wanda ya tafi.

To ni ban san yadda zan yi da Malam ba, zan san abin da zan ce mashi. Ke dai kar ki goge ko ɗaya. Abu guda za ki gyara, layin ƙasa ki sa mashi suna, Hashimu. In kuma makron naki ya tambaye ki shanu nawa ne a Tsaskiya, ki ce mashi ɗari tara da talatin da bakwai.

Allah ya yi miki albarka.

Baffanki,
Hashimu